Albasar Kallo

Shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, ina aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo a nan Kaduna, na karanta wani labari mai layi huɗu a ƙarshen shirin manoma. Saura daƙiƙa arba'in lokacin shirin ya cika, kuma a aikinmu ba a barin rediyo shiru. Mai tsara shirin ya miƙo min wata takarda da Turanci, na fassara ta a tsaye. Abin da ta ce shi ne, a ƙasashen sanyi akwai wata albasa da ake shukawa ba don a ci ba, sai don a kalli furenta, kuma furen a dunƙule yake, yakan kai girman kan jariri. Na karanta, aka sa kiɗan rufewa, kafin in kai bakin titi na manta da zancen.

Kawuna bai manta ba. Ƙanin mahaifiyata ne, manomin albasa tun yana saurayi, a wata fadama da ke tafiyar awa uku a mota daga nan. Rediyonsa kullum tana rataye a reshen mangwaron da ke bakin lambu, kuma ya sha gaya wa abokan nomansa cewa muryar nan da suke ji ta ɗan yayarsa ce. A ranar suna zaune su biyar ko shida suna cin abincin rana aka sa shirin. An gaya min dariyar da suka yi har sai da mai ban ruwa a lambun gaba ya ajiye bokiti ya zo jin abin da ya faru.

Da na je gida da sallah, bayan mun gaisa, ya kira ni gefe.

"Kai ne ka ce akwai albasar da ba a ci?"

"Abin da ke cikin takarda ne, Kawu."

"Ka gan ta da idonka?"

"Ban gani ba."

"To ka karanta wa mutane abin da ba ka gani ba. Kuma ni aka yi wa dariya, ba takardar ba."

Bai yi faɗa ba, bai kuma ƙara ɗaga zancen da zafi ba. Abin da ya yi ya fi faɗa daɗewa. Tun daga ranar, duk inda muka haɗu, suna ne ko ta'aziyya, bayan ya tambayi iyali sai ya ce, "Malam mai labarai, ya albasar kallo? Ta nuna?" Da wayoyi masu hoto suka zo, na nemo hoton furen na nuna masa. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce jikansa ya taɓa nuna masa akuya tana tuƙa babur a cikin waya. Daga nan na daina kawo hujja. Amma tambayarsa ta zauna min, domin tambayar daidai take. Ban gani ba.

Bayan na yi ritaya, 'yar ƙanwata da ke aikin jinya a Turai ta zo hutu a ƙarshen wata damina. Ta san wannan tsokana tun tana yarinya. Cikin tsarabar da ta kawo gidanmu a unguwar Nasarawa akwai wata jakar takarda mai ƙananan huji, a ciki da kawunan albasa guda goma. Kowanne ya kai ƙwan agwagwa, ɓawonsu fari-fari ne mai ratsin ruwan ƙasa, gindinsu a baje. A jikin jakar akwai hoton furen da bayanin yadda ake shukawa.

Maiɗakina ce ta fara yi musu gwajin da ya dace. Ta ɗauki ɗaya ta yanka biyu, ta shinshina, ta soya ɗan yanki a man gyaɗa ta ɗanɗana. Ta ce warinta tsakanin albasa da tafarnuwa yake, ɗanɗanonta kuma da ɗaci-ɗaci, ko a lokacin tsadar albasa ba za ta sa a miya ba. Saura tara.

Na zauna na fassara bayanin jikin jakar kalma da kalma, kamar yadda na saba. Abu uku ya ce. A binne ta zurfin ninki uku na tsayin kanta. Kada ruwa ya kwanta a gindinta. Na ukun ne ya tsayar da ni: ba ta fure sai ta sha sanyi na makonni masu yawa a cikin ƙasa, irin sanyin da ba mu da shi. Na tambayi wani tsoho mai sayar da shuke-shuken ado a bakin titin Sabon Tasha. Ya jujjuya ɗaya a hannunsa ya ce bai taɓa ganin irinta ba, amma ya ji ana yaudarar irin waɗannan da firji, a sa su mako goma ko sha biyu su ɗauka sun kwana a ƙasarsu, sannan a fito da su a shuka da farkon sanyinmu. Ya ce kada su daskare, kuma kada su yi zafi a tsakani.

Firjin gidanmu ba zai iya wannan alkawari ba. Wutar unguwarmu takan zo ta tafi ba sallama, wani lokaci kwana biyu. Amma katangarmu ɗaya da wata mata 'yar kudu maso gabas, matar wani makanike da ke da gareji a Kakuri. Kowa a layin Madam yake ce mata. Tana da shago a ƙofar gidanta, tana sayar da lemon kwalba da ruwan leda da ƙanƙara, kuma saboda sana'ar ta sa sola a rufin shagon. Firjinta ba ya ɗumi.

Na kai mata jakar na yi bayani. Ta saurara har na gama, hannunta a ƙugu.

"Oga Rediyo, tsaya. Albasa za ta kwana a firjina wata uku, ba za a ci ba, ba za a sayar ba?"

"Haka ne."

"In lemona ya fara warin miya fa? Kwastoma za su ce Madam ta fara zuba magani."

Na ce zan naɗe su a jarida in sa a roba mai murfi, in huda gefe. Ta ce to, amma mai gadi ma yana da rabo, in an fito da su za ta ɗauki biyu, ita ma tana so ta ga wannan albasa da ta fi mutane jin daɗi. Na yarda.

Duk ranar Asabar nakan shiga shagon in buɗe robar in duba. Ba abin da ke faruwa a zahiri, kuma wannan ne ya fi ba ni mamaki. Abu yana kwance a tsakanin kwalabe, ba ganye, ba saiwa, amma wai yana ƙirga kwanakin sanyi. Da me yake ƙirgawa? In an ɗauke wuta rabin yini, yakan koma farko ne ko ya ci gaba daga inda ya tsaya? Ban sami wanda ya ba ni amsa ba. A mako na bakwai ɗaya ta yi laushi ta fara ruɓa, na jefar. A ƙarshen mako na goma sha ɗaya na ga fararen saiwoyi ƙanana sun leƙo a gindin sauran, kamar gemun kwana biyu. Farkon Disamba ke nan. Madam ta zaɓi biyu, kuma ta zaɓi manyan. Na koma gida da shida.

A bayan gidanmu akwai ɗan fili tsakanin tankin ruwa da katanga, tsawonsa taku biyar, faɗinsa biyu. Na haƙa, na gauraya ƙasar da yashin kogi da tsohon takin shanu, na auna zurfi da rula, na binne su a jere. Na buɗe littafi na rubuta ranar. Madam kuwa, na ga ta cusa nata a wani tsohon bokitin fenti, ta ajiye a lungun bayan shago inda rana ba ta cika kaiwa ba, inda take juye ruwan ƙanƙarar da ta narke a kula. A raina na ce an yi asarar biyu.

Bayan kwana goma sha tara, guda biyar suka tsiro. Ta shida ba ta taɓa fitowa ba. Ganyen bai yi kama da lawashi ba ko kaɗan. Lawashi siriri ne mai rami a ciki, wannan kuwa mai faɗi ne kamar ɗamara, kore mai toka-toka, yana buɗewa a ƙasa kamar tafin hannu.

A cikin Janairu aka kawo Kawu gidana. Yanar ido ce ta rufe masa ido biyu, likita ya ce za a yi wa ɗaya aiki, a jira makonni, sannan a yi ɗayan. 'Ya'yansa ke riƙe da lambun yanzu, amma tun a mota ya kafa sharaɗi: ko an gama ko ba a gama ba, zai koma kafin a fara cirar albasa. Da ya sauka, yana laluben ƙofa da sanda, bai fasa ba.

"Malam mai labarai, ya albasar kallo?"

Taku ashirin ne tsakaninsa da ita. Na ce, "Tana nan, Kawu," kamar yadda na saba amsawa, muka yi dariya.

Maiɗakina ta same ni a ɗaki ta ce in gaya masa. Na ce a'a. Dalilina a bayyane yake a gare ni a lokacin. Na yi shekara talatin a aikin da ƙa'idarsa ta farko ita ce kada ka sanar da abin da ba ka tabbatar ba, kuma sau ɗaya da na karya ta a gaban mutumin nan, na biya shekara ashirin. Ganye biyar ba fure ba ne. In na ce masa ga ta nan, ta kuma ƙi yin fure, na ba shi abin tsokana har ƙarshen rayuwarsa. Zan jira ta buɗe, in kama hannunsa in kai shi. Ta ce, "Malam, ka san dai manomi ne." Ban tsaya na ji abin da take nufi ba.

Bayan aikin idon farko an hana shi sunkuyo, an hana shi ɗaukar nauyi, an hana ruwa ya taɓa idon. Kwana shida ya jure. A na bakwai na fito da safe na same shi a bayan tanki, tsugunne da bayansa a miƙe don kada ya karya dokar likita, ya murje gefen ganye ɗaya tsakanin yatsunsa yana shinshinawa.

"Wannan dangin albasa ce. Wace iri ce?"

"Wata iri ce aka kawo min daga waje, ina gwadawa."

Ba ƙarya na faɗa ba, kuma na lura da hakan da ɗan jin daɗi, abin da yanzu nake jin kunyarsa.

"Wa ke ba ta ruwa?"

"Ni."

"An gani."

Daga ranar ya karɓe fangalin. Ya ce ina ba da ruwa kamar mai wanke mota, ta sama, kuma da rana tsaka. Ya sa na ja ƙaramin rami a gefe, ruwa ya riƙa bi ta ƙasa, da sassafe, kwana biyu sau ɗaya. Ya sa maiɗakina ta riƙa tara masa tokar murhu, yana barbaɗawa a gindi. Ya sa na kafa tsohuwar tabarma ta yamma don ranar la'asar. Yakan tura ɗan yatsa cikin ƙasa har gaɓa biyu ya ce yau ba ta so, ko yau tana so. A cikin mako biyu ganyen ya ninka. Na rubuta a littafina, kuma dole in faɗi gaskiya, ba na jin da sun kai inda suka kai in da ni kaɗai ne.

Abin ya ba shi sha'awa ƙwarai. Yakan yi ta tambaya. Me ya sa ganyenta ba rami? A can ƙasar da jigo suke ban ruwa ko da inji? Kanta ja ne ko fari? Wata nawa take yi? Rannan ya ce in ta yi kyau zai tafi da iri, ya ba mutanen fadama mamaki. Na ce Allah ya kai mu.

A ƙarshen Fabrairu, mako ɗaya bayan aikin ido na biyu, na ga abin da nake jira. Daga tsakiyar ganyen guda huɗu wani kara ya fito, kauri kamar ɗan yatsa, a kansa da ƙullutu mai tsini a naɗe cikin farar fata. Ta biyar ganye kawai ta yi. Karan yana tashi da saurin da ban zata ba. Na auna safiya uku a jere, kullum sai ya ƙara kusan faɗin yatsa biyu. Ganyen ƙasa kuma ya fara rawaya daga baki, kamar yadda takardar ta ce zai yi. Kawu a kwanakin yana ɗaki da bandeji, bai fita baya ba.

Ranar da aka cire masa bandejin, washegari Asabar ce, ina da ɗaurin aure a Tudun Wada. Na haye gadar kogin Kaduna da hantsi, cunkoso ya riƙe ni, ban dawo ba sai bayan la'asar. Na same shi a tsakar gida a kan tabarma, sanye da baƙin tabarau da asibiti suka ba shi. A gabansa ya jera kara huɗu, kowanne da ƙullutunsa, an tsinke su daga gindi tsaf, ba a ɓata ganye ko ɗaya ba.

"Allah ya taimake ka na fito yau," in ji shi. "Duk sun fid da kai. Da an ƙara mako guda, sun zuba ƙarfinsu a sama, ka tono ka sami ɓawo. Ba ka ga ganyen ya fara rawaya ba?"

Maiɗakina tana bakin kicin da tire a hannu. Ba ta dube ni ba. Daga baya ta ce tana wanki ne lokacin, da ta fito an gama.

Na zauna a gefen tabarmar. Na san abin da ya yi, na taɓa ganin yana yi tun ina yaro. Manomin albasa in ya ga kara ya fito, hannunsa ke kaiwa kafin tunaninsa. Fure sai a fangalin da aka ware don iri, a sauran wuri kuwa asara ce. Aikin kirki ya yi min, irin wanda ya yi shekara sittin yana yi.

"Kawu, wannan ita ce albasar kallo."

"Wace?"

"Wadda na karanta a rediyo. Karan nan shi ne amfanin. Abin da ke kansa ne zai buɗe."

Ya cire tabarau, ya mayar. Ya ɗauki kara ɗaya ya duba wurin da ya tsinke, kamar mai neman ko zai koma.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun kafin ka zo."

"Na tambaye ka wace iri ce."

"Ka tambaya. Ban so in faɗa ba sai na gani."

Ya ajiye karan a kan tabarma. Sannan ya ce, "Wancan karon ka faɗa ba ka gani ba. Wannan karon kana gani ka ƙi faɗa. Kai a makarantar da ka yi ba a koya muku tsakiya ba?"

Maiɗakina ta shige kicin da sauri, na ji tana tari.

Ya sa farcen babban yatsa ya tsaga fatar ƙullutu ɗaya. A ciki akwai ƙananan ƙwayoyi kore a cushe, kamar gero ɗanye. Ya baje su a tafin hannu ya fara ƙirgawa, ya kai sittin da wani abu ya bari. Ya ce ta albasarmu ma haka take a ciki, amma ba ta kai rabin wannan yawa ba. Ya tambaya ko za su sake fid da wani karan. Na ce a'a, ɗaya suke yi a shekara, kuma ba na jin kawunan za su tsallake zafin Afrilu da damina a ƙasarmu. Sauran kara ukun na sa a kwalbar ruwa. Ɗaya ta ɗan tsage bayan kwana biyu, sannan duk suka langaɓe.

A ranar da ya tsinke su bai ci abincin kirki ba, washegari ma haka. Ya daina zuwa bayan tanki, kuma da safe da na gaishe shi bai kira ni mai labarai ba. Na gane cewa na fi son tsokanar. Kwana goma sha biyu suka rage babban ɗansa ya zo ɗaukarsa.

Maiɗakina ce ta ce, "Na Madam fa?"

Na ce ai sun daɗe da mutuwa. Ta ce, "Ka gani da idonka?" Ta faɗa ba tare da ta ɗago daga tsintar shinkafa ba.

Muka tafi da Kawu. Madam ta kai mu lungun, ta janye wani kwali da ƙafa. A bokitin fentin ɗaya ta ruɓe tun tuni, amma ɗayar tana nan, ganyenta gajere mai kauri, kuma a tsakiya ga kara, tsayinsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Inuwa da ruwan sanyi sun jinkirta ta, wataƙila kuma su suka raya ta. Ban sani ba, kuma har yau ina son in sani.

"Ni ban yi mata komai ba," in ji Madam. "Ruwan kula kawai take sha. Ta Oga ta yi fulawa?"

"Na tsinke," in ji Kawu.

"Baba, kai ka tsinke? Me ta yi maka?"

"Sana'a ce, 'yata."

"To abeg, sana'ar nan ta tsaya a ƙofar shagona."

Ya yi dariya, karo na farko a kwana biyu. Ya sa aka matsar da bokitin taku uku, inda ranar hantsi za ta same shi awa biyu ta wuce. Ya ce a ci gaba da ba ta ruwan kula, tunda shi ta sani. Daga washegari, bayan ya karya kumallo, sai ya ɗauki sanda ya tafi shagon, Madam ta fito masa da benci. Yana korar awakin layin, yana hana masu sayen lemo jingina babur a wurin. Mijin Madam ya kawo tsohuwar ragar waya daga gareji ya zagaye bokitin. Madam ta ce ba don awaki aka sa ragar ba, don Baba ne. Kawu ya ce ta yi gaskiya, domin jiya ya tsinci hannunsa a hanya sai da ya zauna a kansa.

Nakan je da rula. Karan ya kai gwiwata a kwana na shida, ya wuce ta a na tara. A na goma fatar ƙullutun ta tsage ta gefe ɗaya, ƙwayoyin suka leƙo, har yanzu kore, sai bakinsu da ya fara duhu. A na goma sha biyu ɗansa ya iso da mota tun da hantsi. Ƙwaya bakwai ne kawai suka buɗe, a can sama.

Ɗan ya ce an sa ranar fara cira jibi, an riga an gaya wa masu aiki. Kawu ya ce su fara. Ɗan ya dube ni, ya dubi mahaifinsa. A saninsa da nawa, tsohon bai taɓa barin a fara cirar albasa ba ya wurin ba, har shekarar da ya karye a ƙafa a kan jaki aka kai shi.

"Baba, me za ka tsaya yi?"

"Akwai wata albasa da nake jira."

"A Kaduna?"

"Ka dawo ran Alhamis."

Kwana huɗun nan furen ya yi ta buɗewa daga sama zuwa ƙasa. Kowace ƙwaya takan zama ƙaramin tauraro mai kunne shida, launinsa irin na ɓawon jar albasa in an ɗaga shi a rana, da 'yan siraran gashi a tsakiya. Da suka yi yawa sai suka haɗu suka zama dunƙule guda, zagayayye ta ko'ina, a kan kara ɗaya miƙaƙƙe ba ganye. Ƙudan zuma suka gano shi a rana ta biyu, ban san daga ina suka fito a unguwa irin tamu ba. Masu zuwa sayen ƙanƙara suna tsayawa. Wata mata ta tambaya ko na roba ne, Madam ta ce ta taɓa ta ga abin da Baba zai yi mata.

Ranar Alhamis da safe muka tsaya mu uku a kansa. Kawu ya cire tabarau. Ya rufe ido ɗaya ya duba, ya rufe ɗayan ya duba, sannan ya buɗe duka. Ya kai hanci. Ya kewaye dunƙulen da tafin hannuwansa biyu ba tare da ya taɓa ba, ya janye hannun a yadda yake ya duba girman.

"Ka ce kan jariri."

"Takardar ce ta ce."

"Wannan lemon zaƙi ne. Babba dai, amma lemo."

Na auna. Santimita tara ne daga gefe zuwa gefe. Ya fi ni gaskiya.

"Amma akwai ta," in ji shi. "Kuma ba a ci." Ya juya ga Madam. "'Yata, in ya bushe kada ki yar. Ki ɗaura masa tsumma a kai, irin zai zuba a ciki. Ki ba wannan ya aiko min."

"Baba, kai da za ka tsinke?"

"Na iri ba a tsinkewa."

Madam ta ɗaura tsumman, na aika da irin, baƙaƙe ƙanana kamar na albasarmu. Ya shuka a gefen fangali da sanyin bana, ya ce ko ɗaya bai fito ba. Kawunan bayan tankina na tono su a Afrilu, sun yi girma ƙwarai kamar yadda ya yi alkawari, damina kuma ta ruɓar da su a cikin kwando.

Mako biyu bayan komawarsa ya kira ni a waya. Ina jin hayaniyar masu ɗura albasa a buhu a bayansa. Ya ce ya zauna a gindin mangwaro ya ba su labarin duka, da firji, da bokitin fenti, da ƙudan zuma. Biyu daga cikin waɗanda suka yi dariya a wancan karon suna raye, suna wurin.

"Me suka ce, Kawu?"

"Sun ce wanda aka yi wa aiki a ido biyu, ba abin da ba zai gani ba."

Na ce Madam ta ɗauki hoto a wayarta, zan iya turowa ta wayar jikansa.

"Hoto," in ji shi. Na ji yana gaya wa wani ya ɗaure bakin buhun da kyau. Sannan ya dawo. "Yarinyar nan ta Turai, yaushe za ta sake zuwa? Ka ce ta kawo ashirin. Akwai mai shago a bakin kasuwarmu da ya sa sola."